Rantsuwar da Baffa Sajan Ya Ƙi Yi wa Kaffara

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar Baffana, ƙanin mahaifina, wanda duk ƙauyenmu a ƙasar Miga ake kira Sajan saboda tsohon soja ne. Ina ɗan shekara tara ya rasu. Shi ya fara sayo mini littafi daga Dutse, kuma idan 'yan gida suka dame ni da cewa ba ni da baki, shi ke cewa, "Ku ƙyale min shi, karatu yake yi."

Labarin mutuwarsa da muka taso da shi gajere ne. Shanun wasu makiyaya da suka sauka a tsallaken fadama sun cinye shinkafar mutane, Baffa ya ja samari don su tashi rugar, aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe shi da wasu uku. A kan haka nake har watan jiya.

Tarihi nake karantawa a jami'a a Kafin Hausa. Malaminmu ya ba mu aikin rubutu a kan abin da ke sa runduna ta kai mamaya ta dawo a karye. A littattafan da na duba abu ɗaya ya yi ta maimaituwa: shugaba ya sakankance cewa tunda gaskiya tasa ce, nasara ma tasa ce, duk wanda ya kawo masa labarin da ba ya so kuma ya zama maci amana. Ina ja musu layi da fensir ina mamakin wautar manyan hafsoshi. Sai na ga ya dace in kawo misalin akasin haka daga gida, wato shugaba nagari da aka yaudara. Na ɗauki littafin rubutuna na tafi wajen Limaminmu, wanda ya sallaci gawarwakin.

"Allah gafarta Malam, da me suka kashe shi? Kibiya ce ko bindiga?"

Liman ya ce, "Ɗan nan, ni na yi musu wanka su huɗun. Ko ƙwarzane ban gani a jikin kowa ba. Laka na yi ta cirewa daga hanci da kunne."

Ban rubuta komai ba. Na rufe littafin.

Ga abin da ya faɗa mini. Wata Juma'a bayan an idar da salla, Baffa ya ɗaga Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse cewa kafin a yi sallar wata Juma'ar zai tashi rugar nan. Kullum da la'asar yana jera samari a filin firamare yana koya musu tafiyar soja, yana gaya musu su ne 'yan ƙasa, su aka zalunta, kuma Allah ba ya barin wanda aka zalunta. Shinkafar kam an cinye ta, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai gidajen da suka kwana da yunwa a shekarar.

Ranar Laraba Sarkin Ruwa, dattijon masuntanmu, ya zo ya ce ruwa ya ƙaru, mashigin da ake bi da rani ya nutse, ciyawa ta rufe bakin gulbi ba a gane inda zurfi ya fara. Ya ce a jira, ko a shiga kwalekwale. A gaban kowa Baffa ya ce masa, "Nono ƙwarya nawa suka ba ka?" Tun daga nan babu wanda ya ƙara ta da maganar ruwa. Wata mata ta ce ta ga matan rugar suna ɗaure kaya, Baffa ya ce dabara ce.

Ranar Alhamis Liman ya same shi a zaure. "Sajan, rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Geron ma ni zan kawo."

"Malam," in ji Baffa, "idan na fanshi maganata da tuwo, gobe wa zai bi bayana?"

Da hantsin Juma'a suka shiga ruwa a layi ɗaya, shi a gaba. Ya umarci kowa ya riƙe rigar na gabansa kada ya saki, kamar yadda ya koya musu. Da ƙafarsa ta faɗa zurfi, na bayansa bai saki ba, na bayan wannan ma bai saki ba. Biyayyar da ya koya musu ita ta ja su. Waɗanda suka samu suka haye sun tarar da rugar wayam, kashin shanu har ya bushe. Babu wanda ya harba musu ko tsinke. Da suka dawo, kunya ta sa suka ce kwanton ɓauna ne, manya kuma suka yi shiru saboda matan mamatan.

Na tambayi mahaifina. Abin da kawai ya ce shi ne, "Wa ya aike ka?"

Da zan iya barin maganar a littafina da na bar ta, don ni ba mai magana a taro ba ne. Amma daminar bana shanu sun sake shiga gonaki, samari sun sake tashi. Suna yaɗa hoton Baffa sanye da kaki a waya, suna cewa jininsa bai kwanta ba. Na gabansu kuwa Auwalu ne, ɗansa na fari. Ina tambayar kaina me Baffa zai ce da ya ga ɗansa yana shirin ramuwa a kan kisan da ba a yi ba. Ban sani ba. Ina so in ce zai hana shi, amma mutumin da ya ƙi jin Sarkin Ruwa da Liman a mako ɗaya, ba zan rantse a kansa ba.

Abin da zan iya faɗa shi ne bai tsaya a tudu ya tura 'ya'yan mutane ba, shi ya fara shiga. Jarumi ne, mai kyauta, kuma ya kai mutum uku ga halaka saboda ya fi tsoron a ce ya janye magana. Duk wannan Baffana ne, ban san yadda zan raba su ba.

Kafin in aiko da wannan rubutu na je wajen Inna Hajara, matar Baffa, na karanta mata shi. Tana tankaɗe ba ta ɗago ba.

"Rigarsa da aka kawo min a jiƙe take, babu jini," in ji ta. "Ka ɗauka ban sani ba? Je ka karanta wa ɗan'uwanka."

Na karanta wa Auwalu a tsaye a bakin shagonsa. Da na gama ya ce, "To, malam ɗan boko, ka gama tona mana asiri?" Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Shekaranjiya samarin suka yi taronsu a filin firamare. Inna ta ce Auwalu ya wuni a ƙofar gida yana kwance babur ɗinsa yana mayarwa, babur ɗin da babu abin da ya same shi.

Allah Ya jiƙan Baffa da waɗanda suka riƙe rigarsa.