Gida Mai Jan Fenti

A shekarun da na koyar a wata firamare bayan kasuwar Dei-Dei, takardun ofis su ne kalandarmu. Mulkin farar hula ya zauna, gine-gine na ta tashi a Abuja, manya kuma suka gano ashe kowace rana a duniya da sunanta. Ranar wanke hannu, ranar dasa itace, ranar ruwa. Aka ce mu saka su duka cikin manhaja, mu yi darasi a kansu, mu turo rahoto da hoto. Ranar wanke hannu da ruwan leda muka yi ta, don famfonmu ya shekara bai ɗiga ba. Hoton dai ya yi kyau.

Ni ce malamar aji biyar, kuma ina da zafin rai, ba na musu. A shekarar da abin nan ya faru ina jiran ƙarin girma, rahotannin nan kuwa fayil ɗina suke shiga.

Farkon Oktoba takarda ta zo: Ranar Matsuguni ta Duniya. Kowane yaro ya zana gidansu, za a turo wata daga ofis ta zaɓi na ɗaya. Mako biyu kafin nan masu rusau sun bi unguwar da rabin ajina ke zaune, sun shafa wa bangaye jan fenti, layi biyu a gicciye da lamba a ƙasa. Ko ɗan aji ɗaya ya san ma'anarsa. Na tambayi hedimasta ko za mu tsallake wannan ranar.

"Malama, oga ya ce a yi, za a yi," in ji shi. "Ke dai ki ba ni hoto mai kyau."

Sai na yi abin da muka saba. Na zana gida a allo, irin wanda aka koya mana a kwalejin horon malamai: rufi mai tsini, taga biyu, fulawa, 'yar hanya zuwa ƙofa. Ban taɓa sanin mai zama a irinsa ba. Na ce su kwafa.

Duk suka kwafa ban da yarinya ɗaya, 'yar wani Bakatsine mai sayar da katako, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajin. Ita gidansu na gaske ta zana: ɗaki uku a jere, ƙofar langalanga, bishiyar gwaiba da randa a gindinta, igiyar shanya, har akuyarsu. A jikin bangon ta sa alamar masu rusau da lambar. Ba ta da jan fensir, sai ta goga jar ƙasa da yatsa.

Tsoro ne ya fara kama ni, sannan ya koma fushi. Na hango matar ofis riƙe da takardar nan tana tambayar wace ce malamar ajin. Na zaro jan biro na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, na sake ja ta ɗaya ɓangaren, yadda nake yi wa lissafin da ba daidai ba. Sai da na ɗaga hannu na ga abin da na yi.

Ta dubi takardar, ta dube ni. A hankali ta ce, "Malama, ai an riga an sa masa."

Da a nan na ba ta haƙuri, da yau ba na wannan rubutun. Sai na daka mata tsawa, na miƙa mata sabuwar takarda, na dunƙule ta farkon na jefa kwando. Al'adarmu ce a ƙone shara kafin baƙi su iso, washegari da safe kuwa aka ƙone.

Gidan allon da ta kwafa shi ya zo na ɗaya, don hannunta ba irin na sauran ba ne. Matar ofis ta ɗauki hoto da ita, ta ba ta kwalin fensir masu kala, ta yi jawabi cewa kowane yaro yana da haƙƙin samun wurin kwana. Yara suka tafa yadda muka koya musu. Rahotona ya sha yabo.

Kafin wata ya ƙare katafila ta shiga unguwar. Ajina ya koma rabi, ita ma ba ta dawo ba.

Bayan kwana goma mahaifinta ya zo karɓar takardar canjin makaranta, za su koma gida Katsina. Da muka gaisa ya ce, "Malama, yarinya ta ce akwai zanen gidanmu a wurinki. Uwarta ke so. Ba mu taɓa ɗaukarsa hoto ba. Ran da aka rushe ina kasuwa, da ƙyar suka fid da katifa."

Na je bango na ciro wanda ya ci gasar. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa, har ya juya bayan takardar.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma ba wannan ba ne. Namu da gwaiba."

Kunya ta hana ni faɗa masa gaskiya, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Na ce bari in duba. Ya ce ba komai, zai jira, ya zauna a kan bencin yara gwiwoyinsa na taɓa tebur. Na buɗe durowa na rufe, na buɗe kabad ina ɗaga littattafai ɗaya bayan ɗaya, alhali ta taga ina hango ramin da muke ƙona shara.