Takardar da Na Rubuta wa Baba

Har yau ba na son warin tawadar hatimi. Makon jiya na shiga ofishin makarantar da nake koyarwa a Gusau, akawu ya buɗe kwalbarta, sai na ji raina ya ɓaci tun kafin in san dalili. Bari in ba ka labari, don ka ga yadda ake zaluntar mutum da Turanci.

A Bungudu na tashi. Baba masinja ne a wani ofishi, shekara goma sha tara yana kai takardu a kan keke, rana da ruwa. Yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko sai sa hannu. Ni ce babbar ɗiyarsa, kuma ni na fara shiga sakandare a gidanmu, don haka duk takardar da ta shigo gida a hannuna take ƙarewa.

A wata damina, lokacin da gero ya fara fitar da kai, aka ce za a tantance ma'aikata. Kowa ya rubuto da Turanci tsawon shekarun da ya yi yana aiki. Bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ana yayyafi, na zauna na rubuta da hannuna mafi kyau: “I have worked here for nineteen years.” Na karanta masa, na fassara. Ya ce, “Allah shi yi miki albarka.” Washegari ya tafi da ni, wai ko za a yi tambayar da ba zai gane ba.

Jami'in da muka tarar yaro ne, a haife Baba ya haife shi. Bai ce mana mu zauna ba. Ya karanta takardar da ƙarfi, ya yi dariya, ya juya ga mutanen da ke layi. “Kun ji? Da bakinsa ya ce ya gama aiki. Wanda ke kan aiki ‘I have been working’ yake cewa. Wa ya rubuta maka wannan shirme?”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗiyata ce. In kuskure ne a gyara.”

“Nan ba aji ba ne,” in ji shi. Ya danna hatimi a tawada, ya buga.

Da sunaye suka fito babu na Baba. Ya jingine keken ofis a inda ya saba ɗauka, ya dawo gida a ƙasa. Bai taɓa ce mini uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Ya koma noman haya a gonakin wajen Nahuce, mutumin da ya haura hamsin. Duk ranar da na ga ya dawo yana dafe da ƙugu, sai in shige ɗaki in ce wa kaina ni na jawo. Shekara bakwai ina ɗauke da wannan, har ya rasu.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai gaskiya ta fito. Wani dattijon malami ya rubuta siga biyun a allo, “have worked” da “have been working”. Ya ce ta farko takan nuna abin da aka kammala, kamar wasiƙa uku da ka rubuta. Ta biyu tana nuna aikin da ake ciki. Sannan ya ƙara da cewa in ana maganar aiki ko zama a wuri, aka kuma faɗi tsawon lokaci, duk wadda ka ɗauka daidai ce. Na ɗaga hannu, na karanto masa jimlata daga ka. Ya ce, “Babu abin gyara a ciki.”

Ranar ban iya cin abinci ba. Na hau mota zuwa gida, na tarar da Inna tana tankaɗe, na zazzage mata komai. Ba ta ko ɗago ba. “Ai shi ya sani,” ta ce. “Tun kafin ku tafi an gaya mishi an ba ɗan wani babba gurbin nashi. Bai so ki tsani karatu, shi ya sa bai ce miki boko ne sunka yi mishi makami da shi ba.”

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi. Ina koyar da shi da kyau, amma ba na barin ɗalibi ya yi wa ɗan'uwansa dariya a kansa. An ce zamani ya canza, da waya ake cike takardu, babu mai wulaƙanta ka ido da ido. Ni dai har gobe ina ganin dattawa a ƙofar shagunan kwamfuta a Tsafe da Gusau, sun miƙa wa wani takardunsu suna jiran hukunci. Wancan jami'in kuwa, na ji ya yi ritaya cikin mutunci, har walima aka yi masa. Ban yafe ba.