Moton da Yaro Zai Iya Ɗagawa

Har yau, in warin esans, wato man fetur, ya haɗu da ƙamshin rairayi mai danshi, sai wani tsohon tsoro ya dawo mini. Shekaranjiya ma abin ya same ni a bakin kasuwar Tasawa. An yi yayyafi, mai sayar da esans a kwalba yana tsiyaya mini, kaɗan ya zube ƙasa, sai ga ni na dafe moto, wato babur, kamar mai jiri. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa yunwa ce. To me zan ce? In ce ƙaton mutum mai furfura a gemu yana tsoron abin da ya wuce tun bai fi ɗan shekara goma ba?

Ni dai matsoraci ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Kawuna kuwa, ƙanen mahaifiyata, autan kakata, Allah bai halicce shi da wannan jijiyar ba. Shi ya fara kawo babban moto ƙauyenmu, can tsakanin Tasawa da Mayahi. Hannun wasu masu aikin rijiyoyi ya saye shi da suka gama aikinsu za su tashi. Ja ne, dogo, tankinsa kamar tulu. In ya tashe shi kaji watsewa suke, jakuna su yi ta fizgar igiya. Samari kan kewaye shi suna tambayar ƙarfin doki nawa gare shi, kawu kuwa kullum dawakin nan ƙaruwa suke a bakinsa. Kakata ko kallonsa ba ta yi. Ta hana a shigar mata da shi gida, sai dai a jingine shi a gindin dogon-yaro, bakin ƙofa.

Ni ne ɗan rakiyar kawu, ba da son raina ba. Cewa ya yi sai ya cire mini tsoro ko ta halin ƙaƙa. In ya ɗora ni, sai in ƙanƙame shi, in runtse ido, in cusa fuska a bayansa har mu isa. Da za ka tambaye ni kamannin hanyar Mayahi a lokacin, abin da zan iya faɗa maka shi ne warin zufar rigarsa.

Wata shekara damina ta yaudare mu. Shukar fari ta tsiro, rana ta bi ta ta ƙone, iri kuma ya ƙare a rumbun kakata. Ana cikin wannan zullumi aka kwana ana sheƙa ruwa. Duk ɗan manomi ya san ƙasa ba ta jiran kowa: in ba ka shuka tana da danshi ba, ka yi asarar ruwan. Yayan kakata na da iri a wani ƙauye wajen Mayahi, sai kawu ya ce zai je ya dawo kafin azahar. Gari duk ya watse gona da sungumi, ba a bar kowa ba sai tsofaffi da awaki. Muna shirin tashi kakata ta leƙo ta ce, "Auta, in kun kai ƙorama ku sauka."

Ƙoramar nan busasshiya ce kusan duk shekara, faffaɗan rairayi kawai. Amma da damina akwai yadda ake bi da ita. Mai keke ko mai moto in ya iso sai ya sauka, ya dubi gabas tukuna, ya taka da ƙafa yana gwada ƙasa, sannan ya turo abin hawansa. Dalili kuwa, ruwan da aka yi can nesa yakan gangaro ko ɗigo bai taɓa ka ba, kuma rairayin da ya sha ruwa sama-sama ne yake da tauri, ƙasansa taɓo ne. Da tafiya kawu bai sauka ba, ya tsallake da gudu yana dariya.

Da dawowa akwai buhun gero ɗaure a baya, ni ina matse tsakanin buhu da kawu. Rana na bisa kanmu, amma gabas ta yi baƙi ƙirin. Na tuna masa maganar kaka. Ya ce wannan dokar ta masu ƙananan moto ce, nasa ko bisa ruwa aka ɗora shi sai ya wuce. Ya ba shi wuta.

Muna tsakiya ƙafar moton ta baya ta nutse. Moto ya yi ruri, ya juya kai, sai na ji ni a sama. Da na miƙe, baki cike da ƙasa, shiru na fara ji. Ga moto kwance bisa ƙafar kawu tun daga gwiwa, esans na tsiyaya cikin rairayi, bututun hayaƙi da ke da zafi kamar garwashi ya danne masa sha-raɓa. Ya ce in kama in ɗaga. Na kama, na yi nishi har na ga taurari, amma kamar rumbu nake turawa. Ya sa ɗaya ƙafar ya tura, moton ya ƙara nutsewa. Na yi kururuwa har muryata ta dishe. Wa zai ji? Kowa na gona, bayansa a duƙe.

Sai ga wata ƙara daga sama da mu, kamar iska cikin karan dawa, amma ko ganye ba ya motsi. Kawu ya bar nishi, ya ɗaga kai yana saurare. Ranar na fara ganin tsoro a fuskarsa, kuma wallahi wannan ya fi ƙarar ruwan razana ni.

"Tahi bakin gaɓa," ya ce, muryarsa a kwance. "Hau sama, kada ka waiwayo."

Ban taɓa saɓa masa ba sai ranar. Kada ka ce jarumta ce, ba ita ba ce. Tsoron ruwa nake, amma na fi tsoron in shiga gida ni kaɗai kakata ta tambaye ni ina autanta. Na zube bisa gwiwa na shiga tonon rairayi a ƙarƙashin ƙafarsa kamar kare, tunda ɗagawa ta gagara. Da ya ga haka ya bar kora ta, ya sa hannu muna yi tare. In na kwashe, ƙasa ta zubo ta mayar. Farcena ya tsage ban ma ji ba.

Ruwan bai zo da hauka ba da fari. Wani siririn harshe ne ya iso, da kumfa, da kashin awaki, da karare, ya taɓa mini gwiwa da sanyi. Kafin in ɗaga kai ya cika ramin da na tona. Daga nan da lalube nake tono, ba na ganin hannuna. Ruwa ya hau cinyar kawu, ya kai ƙugu, shi kuwa yana tokare da gwiwar hannu yana salati. Ina kuka ina tono.

"Ka ce ma inna ta yahe mini," ya ce.

"Ka faɗa mata da bakinka!" Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.

Ruwan da ya zo kashe shi, shi ya zaizaye ƙasar da ta gagare ni. Kawu ya ji ƙafar ta ɗan motsa, ya cije, ya fizga da wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Ƙafa ta fito ba takalmi, fatar sha-raɓa ta zauna jikin ƙarfe. Da rarrafe muka kai gaɓa, ina jan wuyan rigarsa. Da muka waiwaya ƙahon moton kaɗai ake gani, jim kaɗan shi ma babu.

Wani mai amalanken jaki ne ya tsince mu wajen la'asar, ya kewaya da mu gida. Kakata ba ta yi faɗa ba. Ta shafa kansa, ta shafa nawa, sannan ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zane. Maƙwabta suka yi ta kawo iri, wannan tafi guda, wancan ɗan ƙoƙo, da shi aka shuka gonar. Mai ɗori ya yi nasa, amma ɗingishi bai bar kawu ba har ya koma ga Allah.

Bayan girbi ya ɗauke ni zuwa Tasawa wajen masu sayar da moto. Mai shago ya nuna masa wani ƙato yana ta yabon ƙarfinsa. Kawu ya ce a kwantar da shi ƙasa. Mutumin ya zaci wasa ne, amma ya kwantar. Kawu ya dube ni ya ce in ɗaga. Na kasa. Aka kwantar da na biye, na kasa. Haka muka yi ta sauka har muka kai wani ɗan ƙarami, irin wanda malaman lakwal mata ke hawa zuwa makaranta. Na kama, na yi nishi, ya miƙe. Kawu bai tambayi dokinsa nawa ba, shi ya saya. A ƙauye samari suka sa masa suna moton cefane, ya bi su da dariya.

Bisa wannan ɗan moton na fara buɗe ido a hanya. Ashe akwai gawo jere, akwai rijiyar da Buzaye ke shayar da raƙuma, akwai mutanen da kawu ke ɗaga wa hannu su amsa. Da na girma na tambaye shi ko yana kewar wancan jan moton. Ya ce duk wanda ya ce gudu ba daɗi maƙaryaci ne, kuma na sha ganin ya bi babban moto da kallo bisa kwalta har ya ɓace. Amma ya ce wancan shi kaɗai ke jin daɗinsa, duk wanda ke gida cikin fargaba yake har ya dawo.

Yanzu moto ya cika kowane gida, ƴan kabu-kabu na tsallake ƙoramar nan da waya a kunne, ba mai duban gabas. Ni kaina da na fara aiki ƙato na saya, ka san matsoraci da son abin ɓuya. Bana na fara kai ƴata lakwal a kansa. Rannan a tsakar gida na kwantar da shi na ce ta ɗaga. Ta zaci wasa ne, tana dariya tana ja. Ko motsi bai yi ba. Ta ɗago ta ga fuskata, dariyar ta ɗauke.

"Baba, in ban iya ba mi za ya faru?"

Washegari da hantsi na tura moton kasuwa da ƙafa don in musanya shi da ƙarami, ban ko tashe shi ba.