Wuƙar da Maman Pulchérie ta ajiye mini

Ranar Talata, goma ga Disamba, da hantsi, ina shagona a kasuwar Kilomita Biyar ina auna atamfa, aka zo aka shaida mini cewa Maman Pulchérie ta unguwar Miskine ta rasu. Saura mako biyu Kirsimeti. Na ajiye almakashi, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sallami mai saye ba tare da na yanka masa ko yadi ɗaya ba.

Ni Ɗantsoho, wanda na karanta tarihin dauloli gabas da yamma, na san yadda Farisa ta faɗi da yadda Rum ta wargaje, ina shaida wa duniya cewa ban taɓa cin karo da labarin sarkin da ya kai ki iya ba da umarni ba, Maman. Shekara ashirin da biyar muna katanga ɗaya a Miskine. Kowane jajibirin Kirsimeti, wadda ku kuke kira Noel, sai in ji muryarki ta saman katanga: "Alaji, fito da wuƙarka, akuya ta gaji da jira." Ni kuwa in fito da babbar riga kamar mai zuwa naɗin sarauta, in fuskantar da akuyar gabas, in yi bisimilla, in yanka. Kafin azahar kwanukanki sun zagaya gidajen Musulmin layinmu, kowa ya ci ba tare da ya tambayi wanda ya yanka ba.

Wata shekara na tambaye ki dalilin wannan wahala, tunda kina da ɗa namiji mai hannu biyu. Kika ce: "Alaji, Noel kyauta ce. Nzapa bai jira mun gyaru ba kafin Ya ba mu Ɗansa, don ƙauna Ya bayar. To, ni in dafa naman da maƙwabcina ba zai iya ci ba, in ce na yi Noel?" Nzapa shi ne sunan Allah a harshen Sango, don masu karatu na nesa. Na gyara zama, na yi miki bayani mai tsawo cewa a wurinmu Annabi Isa ɗan Maryamu, aminci ya tabbata gare shi, bawan Allah ne kuma manzonSa, na kawo hujja daga littattafai uku. Kika saurara har ƙarshe, kika ce: "Ka gama? Akuya na jira." Ba ki bar addininki ba, ban bar nawa ba, akuya kuwa ba ta taɓa tsira ba.

Sai shekarar tashin hankali tsakanin Musulmi da Kirista ta zo. Muka bar Miskine da abin da hannu ya iya ɗauka, ni da matata Mero, muka shige Kilomita Biyar, unguwar Musulmi. Wuƙar ta kwana a madafinki. Da ƙura ta ɗan lafa, kika aiko da doka: in zo ranar jajibiri hannu ba komai, wuƙa tana wurinki. Kin san abin da nake tsoro ban faɗa ba. Bahaushe mai gemu da wuƙa a aljihu, in aka laluba shi a mahaɗar da ta raba unguwanninmu, ba zai samu zarafin yin bayani daga littattafai uku ba. Haka muka yi shekara da shekaru, ni ina tsallakowa da hannu wofi, ke kina wasa mini wuƙa a dutsen niƙanki.

Kwana uku bayan an binne ki, ɗanki Aristide ya shigo shagona. Ya ajiye wani abu naɗe da jarida a kan tebur. "Kayanka ne, Alaji. Bana ni zan yanka." Na ce ya zauna a kawo shayi, ya ce sauri yake yi. Na san abin da ya rasa a waccan shekara, ban ga laifinsa ba. Amma tun ranar ban samu natsuwa ba. Garin ma ya sauya fuska. 'Yan babur sun fara ƙin wuce mahaɗar, ana rufe shaguna tun kafin la'asar, wasu samari da ba wanda ya san iyayensu suna tsayawa suna leƙa jakunkunan mutane. Kowa na cewa ba komai, kowa kuma na sayen shinkafa buhu guda.

Jiya sai ga 'yarki Clarisse da kwandon ganyen rogo a ka.

"Papa Alaji, ina wuƙar?"

Mero ta ce, "Ke 'yar nan, kin ga hanyar kuwa?"

"Na gani, Mama Mero, ta nan na biyo. Tun watan jiya Maman ta sayi akuyarta, ta kuma faɗi wanda zai yanka."

Na ce, "Aristide fa?"

"Zai zauna a ƙofar gida. Da wace fuska, ban sani ba."

Ta cusa wuƙar ƙarƙashin ganye, ta aza kwando. Na bi ta da ido har mahaɗa. Ɗaya daga samarin ya tare ta, ya ɗaga ganyen sama, ya mayar, ya ba ta hanya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Clarisse da Aristide da jikoki da dukan mutanen cocinki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki, Ya sanyaya zuciyar da ta yi zafi. Ke kuma, Maman, kin koma ga Wanda ya fi mu sanin abin da ke zukata, kuma rahamarSa ta fi duk littattafaina faɗi. Ya saka miki da alherin kowane kwano da ya tsallaka katanga.

Mero ta ɓoye babbar rigata don kada in tafi. Ranar Talata da hantsi zan tsallaka ko da 'yar shara ce, hannu ba komai, kamar yadda kika umarta. Allah Ya sa in tarar da ƙofarki a buɗe.