Wilma Tillery, Mai Jinyar Wasiƙun Magabata

Kafin a buɗe gidan tarihin garinmu, Wilma Tillery ta riga ta ɗora tukunya. Ba kofi take dafawa ba, kunun garin alkama ne da take liƙe yagaggiyar takarda da shi. Sai ta wanke hannu, ta ɗauko wasiƙa guda ta duƙufa a kai, wata rana har a tashi aiki ba ta gama da ita ba. Haka take tun gashinta yana baƙi, ga shi yanzu furfura ta rufe kai, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Wasiƙun na mutanen da suka kafa ƙasar nan ne, wakilan majalisar farko da alƙalai da jakadu. Da yawansu ita ta bi ƙauyukan jihar Virginia gida-gida ta roƙo su daga akwatunan kakanni, wasu ma ɓera ya riga ta fara karatunsu.

Amma shekarar ambaliya muka san ko wace ce Wilma. Kogi ya shiga ɗakin ajiya ya jiƙa akwatunan sharkaf. Jiƙaƙƙiyar takarda in ta daɗe cikin zafi fumfuna ce ke cinye ta, maganinta a daskarar da ita. Ga shi an ɗauke wuta a duk garin, sai shagon Otis Brandt mai askirim, shi kaɗai ke da janareta. Ta je ta same shi, taɓo har gwiwa.

"Otis, kwashe askirim ɗinka, firizarka nake so."

"Wilma, ruwan har kanki ya shiga ne? Cinikin bazarata kaf yana ciki!"

"Kai ka iya sake haɗa wani. Wanda ya rubuta wannan fa, ina zan samo shi ya sake?"

"Yo ina ruwana da matattu? Ko cokali ɗaya ba su taɓa saya a wurina ba."

Sai ta ɗaga masa wasiƙa ɗaya a tafin hannu. Wani wakili ne yake gaya wa matarsa kewar 'yarsu ta hana shi sakewa a majalisa, tawada har ta fara narkewa a kan sunan yarinyar. Otis ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙa titi ya kwaɗa kira: "Jama'a, askirim kyauta! Amma duk wanda ya sha sai ya ɗauki akwati!"

Muka sha, muka ɗauka. Bayan nan Wilma ta shafe watanni tana fito da wasiƙun daga firizar ɗaya bayan ɗaya tana busarwa. Wasu sun lalace, ta yi musu kuka a gabanmu, amma mafi yawa sun tsira.

Ke ce mai haƙurin da ba ya neman tafi, Wilma. Hannunki ya taɓa kowace takardar da ɗalibai ke karantawa a gidan nan, sunanki kuwa ba ya jikin ko ɗaya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ta ce mana ba ta son walima, abin da take so a samu wanda zai zauna ya koya. To matasan garinmu, ga ƙofa a buɗe. Ku zo tun hannunta bai fara rawa ba.