Jakar Yashin da Na Ɗinka

Lokacin zafi ne, irin zafin Doha da ko labulen taga ka taɓa sai ka janye hannu. Shekarar korona ce. Na zo don matar ɗana ta haihu, in yi mata wankan jego in koma gida, sai aka rufe filayen jirgi. Shekarar ta yi mini tsawo ƙwarai. Ɗana yana aiki a ɗaki, jariri yana barci, ni kuwa ina falo a unguwar Bin Mahmud ina kallon titi babu kowa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata malamar jami'a ce, 'yar Zariya. Na ɗan girme ta, ita ta fara ce mini Yaya. Wata rana na kai mata dambu, na same ta a teburin cin abinci ta ɗora sandar shara a kan filo, ta kanne ido ɗaya.

Na ce, "Malama, lafiya dai?"

Ta ce, "Harbi nake yi, Yaya."

"Da sandar shara? To Allah ya kiyaye ɓerayen gidan nan."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce akwai wurin da suke zuwa a bayan gari, an rufe shi saboda cutar, bindigarta tana can a kulle. Bindigar iska ce, kuma a zaune ake harbin. Ana ɗora gabanta a kan wani ƙarfe, gindinta a kan jakar yashi, a yi ta auna takarda daga nesa. Gwani shi ne wanda harsasansa duka suka bi ta huda ɗaya. Ta ce abin ba ya son ƙarfi, haƙuri yake so, ni kuwa ta ga ina da shi.

Jakarta ta yage, sai na ɗinka mata wata da tsohon wandon ɗana mai kauri, na yi mata kunnuwa biyu inda gindin bindiga zai zauna. Na ɗinka tawa ma.

Da aka buɗe wurin, duk Asabar da safe take ɗauka ta a motarta. Ni nake riƙe jakunkunan, saboda nauyinsu ba ya damuna. Harbina na farko ko takardar bai taɓa ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya, kunamar bindigar nan ba zogale ba ce da za ki fizge. Saki numfashi rabi, ki tsaya, ki matsa a hankali." Haka ta yi ta yi da ni, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da hudojin harsasaina suka haɗu kamar ƙwayar gyaɗa, ta rungume ni. Na rubuta sunana a gefen takardar a hankali, yadda aka koya mana a yaƙi da jahilci bayan na haifi autana.

Zamana ya ƙaru, don an sake haihuwa a gidan. Malama ta yi mini alkawari za ta gabatar da ni ga shugabar rukunin mata, a sa ni cikinsu, in samu teburin harbi nawa.

Ranar ta zo lokacin gasar ƙwallon duniya, gari ya cika da tutoci da baƙi. Na sa sabuwar abaya. Muna shiga muka ga shugabar, wata Balarabiya, tare da wasu abokan aikin Malama da suka kawo baƙinsu. Balarabiyar ta nuna ni da haɓa ta yi tambaya. Malama ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Khaddama." Ba na jin Larabcinsu sosai, amma wannan kalmar na san ta, a lif nake jin ana kiran masu aikin gida da ita.

Ta miƙo mini jakar hannunta da gorar ruwa. Na karɓa. Ta zauna ta yi harbi a kan jakar da na ɗinka, suna tafa mata, ni ina tsaye a baya. Ba ta kira ni teburi ba har aka tashi.

Na riga ta fita. Mai gadin ƙofar Basakkwace ne, kullum muna gaisawa. Na tambaye shi yadda ake rubuta ni idan mun zo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Mama, tun zuwanku na farko 'yar aikinta take cewa a rubuta ki. Ni na ɗauka kin sani."

A mota Malama ta ce, "Haba Yaya, kin yi shiru. Mutanen nan tambayarsu yawa gare ta, wane ne kafil mai ɗaukar nauyin zamanki, wace makaranta kika yi. Na gajarta mana ne kawai. Khalas, ya wuce."

Na ce, "To, Malama." Da a ƙofa kaɗai ta faɗa, da na yi mata uzuri. Amma a gaban matar da ta ce za ta kai ni gare ta ne.

Washegari bayan na yi wa yara wanka, na naɗe abin toshe kunne da tabarau da ta ara mini na harbi, na ƙwanƙwasa mata. Muka gaisa, na tambayi maigidanta, na miƙa mata kayan.

"Yaya, wai fushi kike yi?"

"Jakata na zo karɓa, tana bayan motarki."

Muka sauka tare. Na ɗauki tawa, na bar mata tata. Da na hau sama na ajiye ta a kan teburi, na ce wa ɗana ya tambayo mini yadda mutum yake shiga wurin nan da sunan kansa.