Kawu Bawa da Fom Mai Shafi Huɗu

Ku da kuka san Kawu Bawa, kun san bai taɓa yarda abu ya isa inda aka aike shi ba sai ya gani da idonsa. In ya ba ɗan kabu-kabu kifi ya kai wa Innarmu, wato ƙanwarsa, zai buga mata waya: "Ya iso?" Ta ce ya iso. "Guda nawa?" Ta ce huɗu. Ya kira ɗan kabu-kabun shi ma ya tambaye shi. Duk da haka bayan la'asar sai ga shi da ƙafa, ya leƙa tukunya. Inna ta ce, "Haba Yaya, da ka kawo da kanka ai da kowa ya huta!" Ya ce, "To in ni na kawo, wa zai tabbatar?"

Mai wannan halin ne fa, da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, ya zauna ya koya wa kansa gina shafukan intanet, da wata tsohuwar laftof da ya ɗaure da robar tayar babur don murfinta ba ya tsayawa. Ni kuma da na gama karatun kwamfuta na dawo Yelwa, muka haɗa shago ɗaya kusa da kasuwa. Ni ina da takarda, shi yana da taurin kai.

Babban aikinmu shi ne na rigunan kariya daga nutsewa. Wata hukuma ta yi alkawarin raba su ga masu jirage da masu fataucin kifi, daga Yelwa har Warra da Shanga, amma sai wanda sunansa ya shiga jeri kafin ranar rufewa. Ƙungiyarsu ta ba mu aikin gina fom ɗin rajista. Shafi huɗu ne: na farko suna da shekaru da lambar waya, sai gari, sai sana'a, sai hoto. Wahalar aikin ɗaya ce: abin da mutum ya cika a shafin farko ya bi shi zuwa na biyu, har ƙarshe, kada ya zube a hanya.

Don sauri, sai na sa bayanin ya riƙa tafiya a wutsiyar adireshin shafi, hanyar da muke ce wa get. Kawu ya ce a yi fos, wadda ke ƙunshe bayanin a ciki, ba a ganinsa a sama. Na ce, "Kawu, gwaji ne kawai." Ya bar ni na yi yadda nake so.

Hajiya Kulu, shugabar mata masu kifi, ita ta fara cikewa. Abin ya burge ta, ta kwafi adireshin ta tura zauren ƙungiyarsu na waya don saura su gani. Wayyo! Ga shi nan ɓaro-ɓaro a wutsiya: suna Kulu, shekara sittin da ɗaya. Matar da ta daɗe tana gaya wa kasuwa arba'in da biyar gare ta!

Ta faɗo shago ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Malam Bawa! Wa ya sa ka yi mini shela?"

"Hajiya, ai ke kinka rubuta da hannunki."

"Hukuma na rubuta wa, ban rubuta wa Asabe mai kifi busasshe ba!"

Kawu ya ba ta haƙuri, bai ko nuna ni da yatsa ba. Sai da ta fita ya juyo. "To Rabi, kin ga bambancin get da fos. Jami'a shekara huɗu, Hajiya Kulu minti huɗu."

Muna gyara wannan, sai ga jeri ya nuna Ɗantani na Warra har guda bakwai. Suna ɗaya, jirgi ɗaya, lambar waya ɗaya. Kawu ya kira shi nan take.

"Ɗantani, ku bakwai ne a gidanku, duk Ɗantani?"

"A'a Malam, ni kaɗai ne."

"To mi ya sa ka danna har sau bakwai?"

"Malam, sabis ne babu. Na danna, abin yana ta juyawa bai ce mini komai ba, shi ne na yi ta danna."

Kawu ya ce gaskiyarsa ce, ba a barin mutum tsaye babu amsa. Ya gyara: da an danna maɓallin aikawa sai ya kulle, da bayanin ya shiga sai a wuce da mutum wani shafi dabam, ta yadda ko ya sabunta shafin ba zai sake aikawa ba. Na rubuta a shafin, "An karɓi bayananka, mun gode." Ya goge, ya rubuta da manyan baƙaƙe: "AN KARƁA. ƊAUKE YATSANKA." Har yau masu jirage suna faɗa wa juna haka in wani ya cika naci.

Babbar gardamarmu kuwa a kan inda bayanin zai zauna ne kafin mutum ya kai shafi na huɗu. Ni na ce a bar shi a seshan, wato ajiyar wucin gadi da saba, babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ke riƙe wa kowane mai cikewa, in ya gama sai a zuba duka a rumbun bayanai. Na ma tsawaita wa'adinta wata guda. Kawu ya ce a'a, kowane shafi a adana shi a rumbu da zarar an cika.

"Kawu, masanan da suka gina tsarin nan sun fi mu sani."

"Awo. Sun taɓa zuwa Warra?"

Na yi fushi na ce ni aka ba wannan ɓangaren. Ya ce to, ya ci gaba da shan kununsa.

Saura mako biyu a rufe, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana biyar ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar rufewa da hantsi waya ta fara ruri. Kamfanin da ke riƙe mana saba ya kashe ta ya kunna, seshan duk ya goge. Ga shi mutane da yawa sun cika shafi uku sun bar hoto, don a ƙauyukansu sabis ba ya iya ɗaga hoto, sai sun shigo gari. Yawancinsu ma cike musu aka yi, aka bi su gida gida, ba za su iya sake cikewa da kansu ba. Suka buɗe suka tarar da fom fari fat. Ƙarfe huɗu za a rufe, damina kuma ta kusa, ruwa zai cika. Hajiya Kulu ta iso ta zauna a benci, wannan karon ba faɗa, sai cewa take, "Rabi, matan nan kullum suna bisa ruwa."

Na buɗe rumbun, ban ma san abin da nake nema ba. Sai na ga wani jadawali da ba ni na yi shi ba. Sunansa ko_da_rabi. Na buɗe. Jama'a, kowa yana nan! Kowane shafi, ƙarƙashin lambar wayar mai shi, babu wanda ya ɓata. Ashe Kawu ya lallaɓa ya ƙara shi ban sani ba. Na bi kod ɗin, wato rubutun umarnin da ya gina shi da shi, na tarar ya bar mini rubutu a samansa: "Rabi, in kina karanta wanga, abin ya faru. Ba laifi. Kada ki yi kuka bisa kibod, ba mu da wani."

Na yi dariya har Hajiya ta tsorata. Cikin awa ɗaya na haɗa: mutum ya sa lambar wayarsa, ya samu kansa a shafin hoto. Hajiya ta kama waya tana ta kiran mutanenta. Kafin a kira la'asar jeri ya cika, muka aika. Ta sauke wani dogon numfashi ta ce, "Alhamdulillahi." Da ta tafi na ture kibod ɗin gefe, sannan na yi kukana.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata makwancinsa. Yadda ya rufa mini asiri ban roƙa ba, ban ma sani ba, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da za a tsaya gabanka. Amin.